Lissafin Daren Laraba a Tudun Wada

Dudu ta zo hutu daga Bauchi
da waya cike da motoci.
Ni kuwa na dawo daga Tashar Dukku
da warin fetur a hannun riga,
da cinikin yini
wanda gidan mai ya riga ya lashe rabinsa.

Ta ce, Baffa, dubi wannan.
Haidirojin take sha.
Ba ta hayaƙi, ruwa take ɗigarwa ta salansa.
Na ce, ruwa? A Gombe?
Nan da muke bin mai kura da lallashi,
jarka ɗaya sai an yi ciniki kamar na sa?
Kawo ta mu ɗaure a gindin randa.

Ta yi dariya, ta juyo mini da farashin.
Na bi sifirin da yatsa,
na ɓace a hanya, na koma farko.
Ko na sayar da gidan nan
da gonar Kwami da tumakin uwarta,
taya huɗu zan samu,
wataƙila a yi mini gyara da madubi.
Kuma ina zan shayar da ita?
Shekara ashirin da shida ina bin hanyar Alkaleri,
ban ga famfon da ke zuba wannan iskar ba.

Sai ta nuna mini mai batir.
Ita ma tsada ce,
amma irin tsadar da talaka zai iya kallo
bai yi salati da ƙarfi ba.
Soket kawai take nema, kamar waya.
Ba baƙin mai, ba fulogi.
Na ce, Gidado bakanike zai yi kewata.

Tana cikin bayani aka ɗauke wuta.

Muka yi shiru.
Sauro ya karɓi hirar.
Hasken wayar a fuskarta, caji saura tara,
ta ce, sola, Baffa, faranti shida a kan rufi.
Rana dai ba mu taɓa sayenta ba.
Na ce, rana kyauta ce,
kwanon tarar ta ne na kuɗi.
Amma rubuta. Rubuta duka,
ki raba shi wata-wata, mu ga ko adashe zai ɗauka.
Ta rubuta har wayar ta mutu.

Da asuba na murɗa makullin tsohuwata.
Ta yi tari sau biyu, ta yi gum.
Dudu ta fito, ta ɗaura zani, ta sa kafaɗa,
muka gangara da ita kwararo.

Ko wannan ƙaramin batirin
tun watan jiya nake ce masa gobe.