Lissafin Bayan Ƙofa

Famfo ya yi tari sau uku ranar Laraba,
ya tofar da tsatsa, ya yi shiru.
Tun daga ranar Chennai ta koyi ƙirga.

Tankar ruwa sai bayan kwana huɗu,
da tsakar dare, kamar wadda ake bi bashi.
Tulunan robarmu, ja, kore, ruwan ɗorawa,
su ke kwana a layi a madadinmu.
Biyar ne rabon gidan nan. Direba ba ya jin magiya.

Na sayi alli. A bayan ƙofar kicin
na rubuta kowa da rabonsa:
Arivu, rabin bokiti, tunda shi ke fita aiki;
Ilakkiya da Mugilan, bokiti guda, ita ta fara,
a tsaye cikin baho, kada ɗigo ya tsere;
surukina, moɗa shida, har da ta shan magani.
Ni, abin da ya rage.

Ruwa a gidan nan ba ya mutuwa sau ɗaya.
Wanda ya wanke shinkafa shi ke wanke tukunya,
ya goge daɓe,
sannan, baƙi ƙirin, ya ƙarasa a banɗaki.
A ganyen ayaba muke ci, ba don biki ba,
don ganye ba ya neman wanki.

Amma lissafi ya ƙi cika.
Kullum asuba koren tulu ya sauka da yatsa biyu.
Na tsare Mugilan, ya rantse har da kuka.
Na shafa gindin tulu ko yoyo yake: a bushe ƙayau.

Daren Asabar na ƙi barci.
Ƙarfe uku, sai ga tsoho yana dafa bango,
ya tallafe moɗa kamar mai ɗauke da ƙwai,
matakala goma sha bakwai
da gwiwar da likita ya hana ta hawa.
Na bi shi, ba takalmi.

A can sama, cikin tsohon gwangwanin fenti,
ɗan itacen kori da Ponnuthai ta dasa
shekarar da ta rasu.
Ganye tara suka rage masa.
Ya zuba a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa,
yana ba shi labarin tsadar albasa
da yadda jikarsu ta yi tsawo.

Faɗan da na hau da shi
na sauko da abina, ban kwance shi ba.

Da safe na ɗauki alli.
Mu biyar ne a gidan nan,
amma ƙarƙashin sunana na ƙara layi:
Ponnuthai, moɗa ɗaya.
Daga abin da ya rage na cire ta.

Ilakkiya ta karanta, ta dube ni.
Na ce ta yi sauri, tanka na iya zuwa yau,
kuma jan tulunmu ne na uku a layi.