Ranar da Aka Zo Duba Mu

Tun asuba Gariba ke zuba toka
yana ja wa fili layi,
don farar ƙasa ta yi tsada a Asawase
kuma ruwan jiya ya lashe na makon jiya.

Ni ne magatakarda. Da rana
ina gyaran waya a bakin Alabar,
da yamma ina riƙe da littafin
yara talatin da bakwai.

Ƙarfe tara ta sauko daga mota,
Madam Serwaa, da laima da takarda.
Ba ta ko kalli kofinmu ba,
wanda na kwana ina gogewa da lemun tsami.
Ta ce, ina akwatin magani?
Na buɗe. Auduga, bandeji biyu,
da kwalbar man zafi da ta ƙare tun azumi.
Ta rubuta.

Ina takardar haihuwar mai tsaron gida?
Mutawakilu ya sunkuyar da kai.
Shekara uku ke nan yana sha huɗu,
gemu kuwa ba ya jin rarrashi.
Ta rubuta.

Wa ke raka su gida in duhu ya yi?
In yaro ya faɗi, lambar wa za a kira?
'Yan matan nan shida, ina suke sauya kaya?
Na nuna bayan shagon Inusa mai walda.
Ta dube ni. Ba ta rubuta ba.
Shirun nan ya fi rubutun ciwo.

Na so in ce, Madam,
takardarki ba ta da gurbin Hajiya Lantana mai koko
da ke wanke riguna ashirin ba ko sidi,
ba ta da gurbin daren da Gariba
ya bi Fuseini har tasha
ya ƙwato shi daga hannun dillalin
da ya yi masa alkawarin Turai.
Sai na haɗiye, don na sani
alheri ba ya tsayar da jini,
kuma kyakkyawar niyya ba ƙofa ba ce
da yarinya za ta rufe ta sa riga.

Ta ba mu wata uku.

Inusa ya haɗa ɗaki da ragowar kwano, har da sakata.
Mutawakilu ya koma cikin manya, yana kuka.
Gariba, da furfurarsa, ya zauna a aji
yana danna ƙirjin mutum-mutumin roba,
ya dawo yana gwadawa a kan buhun masara.
Ni aka aika makarantu karɓo sakamako,
a can na ji cewa Abiba,
mai ƙafar hagun da muke taƙama da ita,
rabonta da aji tun babbar salla,
tana tallar ruwa a Kejetiya.
Kullum tana gabana. Ban sani ba.

Takardar shaida ta zo ran Talata.
Tauraro ɗaya, cikin uku.
Gariba ya juya ta, ya ce me aka ce?
Na ce, an ce mun fara.
Ya ce to.
Ya miƙa wa Abiba ta riƙe,
da kayan makaranta a jikinta,
ya ɗauki bokitinsa na toka
don hadari ya sake haɗowa ta gabas.