Ƙoshiya a Cikin Waya

Tun da masaƙar Kakuri ta rufe ƙofa
hannuna bai daina neman waya ba.
Shekara ashirin da uku ina jinyar injinan saƙa,
yau tebur ɗaya gare ni a bayan ɗaki,
da ƙarfen narka dalma, da tabarau mai ɗaurin zare.

Katin mita ne ya hana ni barci.
Wanda a da yake kai mu Juma'a biyu
ya koma mutuwa tun ran Laraba.
Na fara kallon katangar Ayuba da wutsiyar ido,
ina bin wayarsa har inda ta shige rufi.

Sai na hau keke zuwa Panteka,
na sayo zobe mai buɗe baki kamar ɗan kada,
wanda ke kama waya ba ya cizo,
da wani koren allo, bai fi akwatin ashana biyu ba.
Kwana tara ina haɗi.
Na ƙone yatsa, na ƙone allon farko, na koma na sayo wani.

Ranar da na kunna, fanka na juyi, firji na gurnani,
gilashin ya dube ni ya ce: sifili.

Na kwance, na sake ɗauri. Sifili.
Na zagi mai shago a zuci. Sifili.

Safara'u, autata, ta dawo daga makaranta,
ta leƙo ta kafaɗata tana ɓare gyaɗa.
Ta ce, Baba, abinka bai yi ƙarya ba.
Wutar nan ba kogin Kaduna ba ce
da zai bi ƙarƙashin gada ya wuce abinsa.
Ƙoshiya ce, ta je ta dawo,
sau hamsin cikin daƙiƙa guda.
Kai kuwa ka tara zuwa da dawowa wuri ɗaya,
shi ya sa suka cinye juna.

Na yi tsit.
Ni da na yi furfura a gaban ƙoshiya!
Dama, hagu, dama, ko taku ɗaya ba ta ƙara,
amma in yamma ta yi ga bandir a naɗe.

Ta yage bayan kwalin sukari ta rubuta:
ninka kowace lamba da kanta,
don mai bashi ma ta miƙe tsaye;
tara su, raba da yawansu,
sannan ka tono saiwar abin da ya fito.
Iyakarsa ke nan.
Ta koma kan gyaɗarta.

Ƙarfe biyu na dare aka dawo da wuta.
Na tashi da tocila a baki,
ina kashe kaya ɗaya bayan ɗaya,
lamba na sauka kamar mai saukowa daga tsani.
Fanka. Kwan tsakar gida. Talabijin mai barcin zomo.
Ta zo ɗari da tamanin ta ƙi motsi.

Firji ne.
Wanda na saya da albashina na ƙarshe.
Robar bakinsa ta saki kamar dasashin tsoho,
yana ta hura sanyi cikin zafin ɗaki,
ba hutu, ba godiya.
Na buga lissafi a tafin hannu:
yunit huɗu da ɗoriya a kowace rana,
in dai an bar mana wutar ta kwana.

Da safe na kai wa Ayuba goro biyar.
Ya ce, na mene ne?
Na ce, na maƙwabtaka.

An sa wa firji sabuwar roba, ya koyi yin shiru.
Kwalin sukarin na manne shi saman tebur.
Wani dare nakan dube shi
in tuna hanyar nan, gida zuwa masaƙa, masaƙa zuwa gida,
da na daɗe ina tarawa ina samun sifili.
Safara'u na can ɗaki tana tari tana buɗe littafi.
Ashe ni ne ban iya lissafin ba.