Tukunyar Kakana Patxi

Shekara talatin da ɗaya tukunyar nan
tana bin garken tumaki a duwatsun Idaho,
ɗaure a kwiɓin alfadari, baƙa, mai ƙafa uku.
Burodi ta sani, da wake, da romon rago.
Yau na ce sai ta koyi fiza.

Kakana Patxi bai ce uffan ba.
Ya gyara zaman hularsa, ya hau kututture,
ya miƙe ƙafar da sanyin tudu ya lalata,
ya zuba wa rafi ido kamar ba shi a wurin.

Tun hantsi na kwaɓa fulawa,
na lulluɓe ta da rigar sanyina har ta kumbura.
Na shafe tukunya da man zaitun,
na danna ƙullu da yatsu har ya ɗan hau bango.
Tumatir da na murƙushe da bayan cokali,
tafarnuwa, jan tattasai, cuku,
da ragowar naman jiya.

Takardar da na taho da ita daga Boise ta ce
garwashi takwas a ƙasa, sha shida bisa murfi.
Na ƙirga su da awartaki, ɗai-ɗai,
kamar mai biyan bashi a gaban shaidu.

Ta farko ta ƙone.
Ƙasa baƙi ƙirin, sama ɗanye sharaf.
Ko Beltza, karen da ba ya barin ɓawon dankali,
shinshinawa ya yi, ya kau da kai.

"Nekane," in ji tsoho, "wuta ba ta yi makaranta ba."

Ya taso yana ɗingishi.
Ya shimfiɗa tafinsa a saman murfi, bai taɓa ba,
yana ƙirga da harshen da ya baro ƙetaren teku.
Ya zare garwashi uku daga ƙasa,
ya kore sauran zuwa gefe, suka yi zobe.
"Iska daga yamma take.
Juya tukunya hagu, juya murfi dama.
Kuma kada ki buɗe.
Mai yawan leƙe shi ke cin ɗanye."

Muka zauna.
Rana ta zame bayan dutse mai farar hula.
Can cikin fararen itatuwa
akwai wanda ya zana wa sunansa da wuƙa
yana ɗan shekara sha tara;
itacen ya yi ƙiba, sunan ya yi ƙiba tare da shi.

"Wata uku nakan yi ban ji muryar mutum ba," in ji shi.
"Da tukunyar nan nake hira."
Na ce, tana amsawa?
Ya ce, "In ta tafasa."

Hanci ne ya fara kawo labari.
Na saƙala ƙugiya, na ɗaga murfi a tsanake
kada toka ta zuba.
Tururi ya mare ni.
Gefe ya yi ja kamar bayan barewa,
cuku na numfashi, yana ƙananan ƙwai yana fasawa.

Ya karɓe wuƙa daga hannuna.
Ya ja layi biyu a kai, ɗaya ya gitta ɗaya,
yadda yake yi wa burodi tun kafin a haifi uwata.
Yankan farko ya hura, ya miƙa wa Beltza.
"Mai gadin garke ne ke fara ci."

Sannan nasa.
Cuku ya yi zare daga bakinsa har gemu.
Ya tauna, ya daɗe yana taunawa,
ni kuwa na riƙe numfashi kamar mai jiran hukunci.

"Burodi ne," in ji shi, "ya ci kwalliya."

Ya miƙo hannu ya ɗauki na biyu.
"Kada sabulu ya taɓa mini tukunya.
Gobe ki ƙara tafarnuwa."