Allon Makullai

A Aliero, bayan ofishin magatakarda,
akwai ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai tari.
Nan ne sashen gidaje.
Iska in ta taso daga fadama
warin albasa take kawo mana har cikin fayil.

Darakta yana sama, shi ke sa hannu.
Ƙasa da shi Malama Hajo mai rajista,
wadda ta san kowane gida da yoyonsa
yadda uwa ta san kukan ɗanta.
Sai Kakale mai famfo, sai Ezra mutumin Zuru mai wuta,
sai kafintan da muke aro a sashen ayyuka
ranar da suka tashi da fara'a.
Ni ne na ƙarshe, Arzika,
ƙusa ɗari da sha biyu a allona.
Ƙusa in tana tsirara, gidanta da hayaƙi.
In ka ga makulli rataye, wani ya tafi.

Kuka ba ya ba da gida a nan, sai maki.
Shekara guda a aiki maki biyu,
matakin albashi nasa daban,
aure maki ɗaya, 'ya'ya huɗu ake ƙirgawa,
na biyar Allah ya raya shi, ba ya cikin lissafi.
Kwamiti na zama sau ɗaya a zango,
mutum bakwai, ruwan leda, goro a faranti.
Masu nema ɗari uku, gidan da ya faɗo uku.
Hajo ta karanto, Darakta ya cire tabarau,
wani ya ce, "Wanga fa surukin wane ne,"
wani ya ce, "Maki dai, malam, maki."
Rannan maki ya ci. Ba kullum yake ci ba.

Na ga dakta da digirinsa uku
tsaye gabana yana murza hula
saboda ciki biyu da falo.
Na ga wanda ya samu ya zuba tumaki a gareji,
ya aiko a gyara ƙofar da ragonsa ya tunkuya.
Takardar gyara kashi uku ce:
fara tamu, shuɗiya ta ma'aji,
ja ta mai gida, ya riƙe yana jira
har damina ta leƙo ta silin ta gaishe shi.

Aikin da ban so shi ne kai wasiƙa.
Wata shida ga wanda ya ajiye aiki,
wata shida ga iyalin wanda ya riga mu.
Na kai wa matar Farfesa Nomau tata,
tana shanya kuɓewa a tabarma.
Ba ta buɗe ba. Ta ce, "Mangwaron ga fa?
Da hannunsa ya dasa."
Na ce doka ba ta ambaci itace ba.

Yau Litinin Hajo ta kira ni, ba ta ɗago kai ba.
Ambulan ruwan ƙasa, hatimin Darakta,
sunana ba kuskure, ƙaramin kwata, gida na tara.
Ta ce, "Wa zai kai maka? Kai ne mai kaiwa."
Na sa hannu na bayar, na sa hannu na karɓa.
Shekara sha bakwai ƙusa ta tara tana tsirara.
Na taɓa ta, ta yi tsatsa.

Da la'asar wani yaro daga ɗakin karatu
ya tare ni, makinsa ya cika, an raɗa masa.
Kunya ta hana shi tambaya, sai kame-kame.
Na ce, "Ɗakin gabas na yoyo ta kusurwa,
ka matsar da gado kafin Yuli.
Famfo sai ka buge shi sau biyu.
Zogalen bayan gida kuma kada ka sare,
ba ya cikin rajista,
amma yana ba da miya."