Kwaɗi a Falona

Takardar na nan a ƙasan akwatin Lawisa,
cikin ledar da ta zo da atamfar sallah,
hatimin Alausa bai ko koɗe ba.
Kwando ɗari na tumatir ta ci,
da sammakon kasuwar Mil Sha Biyu,
da takalmin da ya tsinke mini a layin ofis.

Rabin fuloti ne, can bayan Ikorodu.
Mai zane ya ja ɗaki uku da falo,
ya sa taga inda na ce iskar ruwa ke shigowa.
Na tona ramin tushe wata Lahadi,
na sauke bulo ɗari biyu da tifar yashi.
'Ya'yan masu ƙasa suka zo karɓar na rami,
suka dawo karɓar na yashi.

Sai motar kaya ta kwana huɗu a Jebba,
tumatir ya zama miya bai ga tukunya ba.
Sai ƙodar Tasi'u.
Sai siminti ya hau bene ya bar ni a ƙasa.

Jiya Madam Adekoya ta dube ni ta saman tabarau:
"Baba, wa'adi ya wuce. Rami ba gini ba ne."
Na ce, bulo fa?
Ta ce bulo a jibge kaya ne kawai.
Na ce, niyya fa?
Ta yi murmushi, ba na mugunta ba,
ta turo mini sabon fom da lambar asusu.

Ashe takarda ma tana ruɓewa.
Ni da nake sanin kwanan kowane kwando da hanci,
ban taɓa shinshina tawa ba.

Da la'asar na je filin.
Ciyawa ta kai ƙugu.
Maƙwabci ya ari bulo arba'in, aron da ba a mayarwa.
Wata tsohuwa ta shuka rogo a ɗakin yara.
Ruwa ya cika ramin, kwaɗi na ta kiran juna
daidai inda na ce za a sa kujerar baƙi.
Su ba su je Alausa ba, ga shi har sun tare.

Na tsaya a bakin ƙofar da babu,
na yi sallama.

Waya ta yi ƙara. Lawisa ce: "Me suka ce?"
Na ce, bar ledar a inda take.
Tambayar mini Tasi'u,
nawa ne buhu yau?