Ƙwayar Bakin Ƙofa

Shekara tara ina canji a Kuseri, gindin gadar Ngeli,
naira a aljihun dama, sefa a na hagu.
Kullum da magariba sai in rubuta
nawa ta hau, nawa ta sauka.
Ban taɓa waiwayar shafin jiya ba.

Kubura ce, 'yar ƙanwata,
da ta zo hutu daga jami'ar Marwa,
ta karɓe littafin, ta ɗebo masara a kwano,
ta ja layuka da gawayi a kan siminti.
Ranar da farashi bai motsa ba, ƙwaya ɗaya a tsakiya.
In ya hau, dama. In ya faɗi, hagu.
Gwargwadon tsalle, gwargwadon nisa.

Har aka kira lisha tana tsugune.

Sai ga tsibi ya tashi da tsini kamar suri,
tsakiyarsa cunkus da ranakun da na manta,
ranakun shayi da hamma da korar ƙuda.
Amma gefensa ya ƙi ƙarewa,
ya ja wutsiya siririya har gindin randa,
ƙwaya nan, ƙwaya can,
wata ma ta kai bakin ƙofa.

Wannan kam na gane ta.
Larabar da aka rufe gada ce,
na wuni rungume da naira, ba mai tayawa.
A makon na sayar da babur ɗina.

Ta ce, Kawu, ba farashi kaɗai ke yawo ba,
ƙarfin yawon ma yawo yake.
Dubi Logon:
akwai watan da yake kwance kamar an shafa masa mai,
akwai watan da ko masuntan Kotoko ke jan jirgi tudu,
kuma ba ya aiko ɗan saƙo.
Lafawa na jan lafawa, hauka na jan hauka,
mai riƙe da akalar ne ba a gani.

Na ce, to gobe fa?
Ta karkaɗe hannu. Gobe ba ta cikin kwano.
Masara siffar tsibi kawai ta sani:
galibi tsakiya, jefi-jefi bakin ƙofa.
Ran wace? Ba ta faɗa.

Da asuba kaji suka cinye shekara tara.
Ta bakin ƙofa kaɗai ta tsira, ƙarƙashin takalmina.
Tana aljihun gaba yanzu,
nakan taɓa ta duk ranar da kasuwa ta yi tsit.